Kafin ka miƙa wa manaja fasfonka

Ƙannena, da ku nake, ku da kuke taka leda a lungunan Adjamé da Treichville, ku da iyayenku suka taso daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Kano da Sakkwato suka yi zamansu a Abijan. Akwai ranar da kowannenku yake mafarki: ranar da wani mutum zai tsaya a bakin fili, ya zuba ido har a tashi wasa, sannan ya yafito ka ya ce, “Kai yaro, ina babanka?” Ba na son in rage muku daɗin wannan rana. So nake ku san cewa daga wannan lokacin an buɗe ciniki, kuma kai ne hajar. Iyayenku 'yan kasuwa ne. Ba a yi musu wayo a kan buhun albasa ko bandir ɗin shadda, sun san dillali, sun san la'ada, sun san lokacin da ake cewa albarka a juya baya. Amma ranar da aka zo taya ɗansu, sai duk wannan sani ya gudu, su sallama tun ba su ji farashi ba.

Duk mai son ganin yawan masu wannan mafarki, ya je tashar jirgin ruwa ta Treichville da sanyin safiya. Jiragen SOTRA na ta kai da kawowa a kan ruwan Ébrié, wannan ya nufi Plateau, wancan ya nufi Abobo-Doumé. A layin yankan tikiti, tsakanin ma'aikatan ofis da mata masu ɗauke da robobin kaya, za ka ga samari bibbiyu, uku-uku, jaka a baya, lêkê a ƙafa, takalman nan na roba da ake buga maracana, wato ƙwallon unguwa, da su. Takalmin ƙwallo na gaske yana cikin jaka an naɗe shi a leda, ba a taka kwalta da shi kada haƙoransa su cinye. Wani ka ga ya ɗaure gwiwa da bandeji da ya sha wanki har ya koma ruwan ƙasa. Kuɗin jirgin ma wataƙila daga cinikin shagon babansa ya fito, ko daga aljihun yayansa mai soya kifi a rumfar garba. Ka tambaye su ina zuwa, amsar ba ta wuce biyu: santar, ko kuma tes, wato gwaji. Santocin horar da 'yan ƙwallo a birnin nan sun fi a ƙirga. Wasu suna da rajista da gini da likita. Wasu kuwa koci ɗaya ne da usur da ƙwallo biyu da wani fegi da mai shi bai tashi ginawa ba tukuna.

Ba banza yaran ke wannan sammako ba, suna da abin da suka dogara da shi. A hayin ruwan, bayan dogayen benayen Plateau, akwai filin wasa na Félix Houphouët-Boigny, wanda kowa ke kira Félicia. A can ne ranar 7 ga Fabrairun 1999 aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa. ASEC Mimosas ta ci kofin zakarun Afirka a 1998 bayan ta doke Dynamos ta Zimbabuwe, sai ya zama dole ta kara da Espérance ta Tunis a wasan babban kofi. Maimakon manyan 'yan wasan da suka ɗauko kofin, sai aka fito da yaran makarantar kulob ɗin, galibinsu 'yan shekara 17 zuwa 18, waɗanda mafi yawan 'yan kallo ba su taɓa jin sunansu ba. Yaran nan suka lallasa Espérance da ci 3 da 1 bayan ƙarin lokaci. A cikinsu akwai Kolo Touré da Didier Zokora da Aruna Dindane da Siaka Tiéné da mai tsaron gida Boubacar Barry, wanda aka fi sani da Copa. Shi wannan Copa ne bayan shekara 16, a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2015 da Gana a birnin Bata, ya tare fanareti sannan ya buga na ƙarshe ya ci, aka tashi 9 da 8.

Ku da kuka haddace wannan labari, ku tsaya ku dubi abin da ya gabace shi. A farkon shekarun 1990 ne shugaban ASEC, lauya Roger Ouégnin, ya haɗa kai da Jean-Marc Guillou, tsohon ɗan wasan Faransa da ya je kofin duniya na 1978, suka kafa makarantar da aka sa wa suna MimoSifcom, wadda mazauninta yake Sol Béni, a M'Pouto, bakin wannan ruwan dai na Ébrié. Guillou ya bi unguwa-unguwa yana kallon yara masu ɗimbin yawa, ya tsinci 'yan kaɗan. Waɗanda ya tsinta ba Turai ya kai su washegari ba. Shekaru suka yi a killace, atisaye safe da yamma, kuma ba takalmi. Yaro ba ya samun izinin sa takalmi sai ya ci jarrabawar sarrafa ƙwallo, ya riƙe ta a sama da ƙafa da kai ba ta taɓa ƙasa ba, har iya yadda aka gindaya. Tsakanin atisaye da atisaye kuma aji ake shiga, a yi lissafi da Faransanci da Ingilishi da tarihi. Ci da kwana da magani da karatu duk a wuyan kulob ɗin suke. To ga alama ta farko da nake so ku riƙe da kyau: wanda yake son ka da gaske, shi ke kashe kuɗi a kanka. Yana kashewa ne don ya san zai mayar da riba, kuma ba laifi ba ne. Amma aljihunsa ake taɓawa, ba na babanka ba.

Kada kuma ku ɗauka don hanya ta gaskiya ce shi ke nan ba ƙaya. Bayan Guillou ya raba gari da ASEC, ya koma wani ƙaramin kulob a Beljiyam mai suna Beveren, ƙasar da dokokinta na ɗaukar 'yan wasa daga wajen Turai suke da sauƙi a lokacin. Nan ya riƙa kwaso yaran Abijan. A wasan ƙarshe na kofin Beljiyam na 2004, wanda Club Brugge ta ci 4 da 2, goma daga cikin sha ɗayan da Beveren ta fara wasa da su 'yan Kodebuwa ne. Ajiye su aka yi a can don masu saye su gani. Ta nan Emmanuel Eboué ya bi ya isa Arsenal, ta nan Gervinho ya bi ya shiga Faransa. Yaya Touré, wanda kuke gani kamar da ƙafar dama ya fito, daga Beveren sai da ya je Metalurh Donetsk a Yukren ya sha sanyi, ya je Olympiacos a Girka, ya je Monaco, kafin Barcelona ta ɗauke shi a 2007, Manchester City a 2010, ya zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. Yayansa Kolo kuwa fam 150,000 kacal Arsenal ta biya ta ɗauke shi a 2002, kuma da shi aka yi kakar nan ta 2003 zuwa 2004 da ba a ci Arsenal ko sau ɗaya a gasar Ingila ba. Ku auna wannan kuɗi da abin da ya yi musu, za ku gane wa ya fi cin ribar cinikin. Sannan ga waɗanda ba a ambatonsu. A kowane rukuni da ya fita daga Sol Béni akwai waɗanda gwiwa ta ci amanarsu, da waɗanda tsawo ya ƙi zuwa, da waɗanda suka ƙare a ƙananan kulob-kulob ba wanda ya san inda suke. Wannan fa a makarantar da ta fi kowace suna a Afirka ta Yamma ke nan.

Yanzu bari mu zo kan ɗaya mutumin, wanda ya fi yawan zuwa gidajenmu. Shi ba ya zuwa da likita ko malami, waya yake zuwa da ita. Zai sami Alhaji a shago a Adjamé bayan la'asar, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida shi kamar ɗan gida, ya ce, “Baba, Allah ya ba ka zinariya a gida ba ka sani ba.” Sai ya buɗe waya: ga shi da wani shahararren ɗan wasa a filin jirgin sama, ga shi a gaban wani filin wasa da dusar ƙanƙara a ƙasa. Sai ya zaro takardar gayyata mai tambarin wani kulob na Turai, da sunan yaron an buga shi da manyan baƙaƙe. Alhaji bai iya karanta Faransanci sosai ba, balle Italiyanci, amma ya ga sunan ɗansa. Daga nan sai maganar ta sauko: kulob zai ɗauki komai in an isa, sai dai kuɗin biza da na jirgi da ɗan abin da za a ba na ofishin jakadanci, kuma a yi sauri, gurbi biyu ne ya rage, kuma kada a faɗa wa kowa saboda baki. Ku lura da waɗannan biyun, gaggawa da sirri. Alhaji da ba ya sayen babur sai ya kira wanda ya san inji, sai ga shi ya kasa shawartar ko da limamin masallacinsu. Hajiya ta fito da 'yan kunnenta da kuɗin adashi, a aika gida a sayar da gona ko shanu biyu. Yaron kuwa tuni ya fara yi wa abokansa sallama, an fara kiransa ɗan Bengue, wato ɗan Turai.

Inda irin wannan tafiya take ƙarewa ba ɓoyayye ba ne. A 2007 Hukumar Ƙaura ta Duniya ta taimaka aka maido da yara 34 'yan Abijan da aka samu a wani gida a Sikasso ta ƙasar Mali. Iyayensu sun biya kuɗi a kan za a kai su Turai su buga ƙwallo, ko teku ba su gani ba. Kuma kada wani ya ce ai marasa iya wasa ne ake yi wa haka. Simon Adingra, wanda ya ba da ƙwallo biyun da aka ci Najeriya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairun 2024 a filin Ebimpé, da bakinsa ya ba 'yan jarida labarin yadda yana ɗan shekara 12 wani mutum ya karɓi kuɗi a hannun iyayensa da sunan zai kai shi makarantar ƙwallo a Benin, ya kai su shi da wasu yara ya watsar. Wanke kwanuka suka riƙa yi a gidajen abinci don su sami na sawa a baka. Daga baya ne makarantar Right to Dream ta Gana ta gan shi ta ɗauke shi, ta kai shi Nordsjælland a Denmak a 2020, Brighton ta saye shi a 2022. Na san yadda matashi yake jin irin wannan labari: ai ga shi ya sha wuya kuma ya kai. To ina sauran da aka watsar tare da shi? Wanda ma aka kai Turai da gaske, bizar ziyara ce a fasfonsa, kwana 90 ne iyakarta. In tes bai yi kyau ba, manaja ya kashe waya, yaro ya zama marar takarda a ƙasar da bai san kowa ba, ga kunyar komowa gida bayan an sayar da gona saboda shi. Yawan irin waɗannan yara a titunan Faransa ne ya sa wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire.

Akwai doka ɗaya da in kun san ta, rabin maƙaryatan nan ba za su iya zama a tabarmarku ba. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata sai ya cika shekara 18. Togaciyar da ke ciki kaɗan ce, misali in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko 'yan shekara 16 zuwa 18 a tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai, ko wanda gidansu yake dab da iyaka. Ba wasa ake da dokar ba: an hukunta Barcelona a kanta a 2014, Real Madrid da Atlético a 2016, Chelsea a 2019. Saboda haka duk wanda ya ce zai sa ɗan shekara 15 daga Treichville ya sa hannu a kulob ɗin Turai, ko dai ƙarya yake, ko kuma akwai wata takardar jabu da yake shirin haɗawa da sunanka. Ahmed Musa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da Kano Pillars, ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. VVV-Venlo ta Holan ta daidaita da shi, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoban 2010 da ya cika 18 kafin ya sami damar buga musu. Jiran bai hana shi zuwa CSKA Moscow da Leicester ba. Didier Drogba ma, da aka kai shi Faransa wurin ɗan'uwan mahaifinsa tun yana ɗan shekara 5, sai da ya kai 21 ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a Le Mans, ya isa Chelsea yana da 26.

Maganar takarda ita ce ta fi ci mini rai, don ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kowa a garin nan ya san abin da ake nufi in an ce wane ya yi René Caillié: an je an sake masa takardar haihuwa, an zabge shekara uku ko huɗu. Koci ne da kansa wani lokaci zai ce maka, “Ɗan 19 ba ya sayuwa, mu mai da kai 16.” Tun 2009 FIFA take amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da su, alhali Najeriya ce ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni. Amad Diallo, haifaffen Abijan, yana yaro aka kai shi Italiya. A 2020 masu gabatar da ƙara na birnin Parma suka buɗe bincike kan wasu manya da ake zargin sun shigo da yara 'yan Kodebuwa da sunan 'ya'yansu ne. A Fabrairun 2021, wata guda bayan ya koma Manchester United, hukumar ƙwallon Italiya ta ci shi tarar yuro 48,000 a kan takardun da aka yi masa rajista da su. Manya ne suka ƙulla, shi ne sunansa ya shiga jarida. Shi yana da abin biya. Kai in ta fashe a kanka kana ƙaramin kulob, dakatarwa ce da kora, kuma takardar makarantarka da ta haihuwarka sun daina magana da murya ɗaya har abada.

Mu kuma muna da tamu jarrabawar a nan, wadda ɗan Baoulé ko ɗan Bété ba ya fuskanta. Dokar zama ɗan ƙasa a Kodebuwa jini take bi, ba wurin haihuwa ba. Yaron da aka haifa a Adjamé, uwa da uba 'yan Nijar, a takarda ɗan Nijar ne, ko da bai taɓa ganin Yamai ba, ko da nouchi, yaren samarin Abijan, ya fi Hausa zama a bakinsa. Nan ne shaiɗan yake shigowa: a nemo takardar ɗan maƙwabta, a ce daga yau sunanka wane, ɗan wane. Haba ƙanena! Ka bar sunan ubanka saboda tes ɗin da ba ka ma tabbata za ka ci ba? Wanda ya haɗa maka wannan takarda ya riƙe ka a wuya ke nan, duk ranar da ka yi arziki zai zo karɓar rabonsa, kuma ba ka isa ka kai shi ƙara ba. Fasfon Nijar ko na Najeriya ba ya hana kowa buga ƙwallo. Moussa Maâzou daga AS FAN ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga can CSKA Moscow ta saye shi. Mena, tawagar ƙasar Nijar, ta je kofin Afirka a 2012 da 2013, matasanta sun je kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Indiya a 2017. In dokar ƙasar nan ta ba ka hanyar zama ɗan ƙasa, bi ta da sunanka na yanka. In ba ta ba ka ba, ƙasar iyayenka tana da riga.

Wani abu da nake sha'awa a tsarin Amurka, duk da nasu kwamacalar, shi ne abin da ake biyan yaro da shi. A can jami'o'i ne ke farautar 'yan sakandare. A wasan nan nasu da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, in aka sami yaro mai gudu da ƙarfin ture mutane, sai ka ga kociyoyin manyan jami'o'i suna sintiri a falon gidansu, suna zama da uwarsa, suna gayyatarsa ya zo ya ga makaranta. Ranar da ya zaɓi ɗaya har a talabijin ake nunawa. Amma abin da aka ɗora a kan tebur tun asali shi ne gurbin karatu kyauta, kuma ba a ba shi sai sakamakonsa na sakandare ya kai. Sai a 2021 ne ma aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, da kanta take faɗa cewa waɗanda ke kaiwa babbar gasar NFL ba su kai 2 cikin 100 ba, waɗanda suka kai ɗin ma yawanci 'yan shekaru kaɗan suke yi jiki ya gaza. Jami'o'in suna cin kuɗi mai yawa da gumin yaran nan, ba waliyyai ba ne. Sai dai wanda ƙwallo ta ƙi, in ya yi hankali, yana fita da digiri. Right to Dream, wadda Tom Vernon ya kafa a Gana a 1999, ta ɗauki wannan dabara: wasu yaranta Denmak suke tafiya, wasu kuma makarantun kwana da jami'o'in Amurka. Wannan ƙofa ta biyu ba ta buɗuwa ga wanda ya jefar da littafi a aji uku na sakandare.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya bar lakwal wai don atisayen safe. Santar da ta ce ka zaɓa tsakanin aji da fili ta gaya maka ko ita wace ce. Sol Béni da ta fitar da su Yaya, kuma har yanzu take fitar da irin su Odilon Kossounou da Karim Konaté, ba ta ce wa kowa haka ba. Riƙe takardar BEPC ɗinka ta sakandare, ka nemi ta BAC in da hali. In boko ya ƙi ka, to kada ka raina zaman shago ko koyon gyaran waya a kasuwar Black Market da yamma, kuma kada allonka ya yi ƙura. Ɗan wasan da bai iya karatu ba ko kwantiraginsa sai an karanta masa, kuma mai karanta masa shi ke cin sa.

Ga abin da za ku yi in mutumin ya zo. Kada a yi maganar a bakin fili, a kai ta gida gaban mahaifi ko wanda yake tsaye a matsayinsa, a kira wani dattijo na unguwa ya zauna. A tambaye shi lasisinsa. Tun 2023 FIFA take yi wa wakilan 'yan wasa jarrabawa tana ba su lasisi, sunayensu suna shafinta na intanet, kuma ba a yarda wakili ya tunkari yaro ba sai da rubutaccen izinin waliyyinsa. In ya kawo takardar gayyata, a nemi adireshin kulob ɗin daga shafinsu, ba daga jikin takardar ba, a rubuta musu a tambaya ko sun san da ita. Hedikwatar hukumar ƙwallon ƙasar nan, FIF, a nan Treichville take, ba sai an yi doguwar tafiya ba. A je a tambaya ko santar da kake zuwa tana da rajista, ko kai kanka kana da lasisin ɗan wasa. Wannan lasisi yana da amfanin da yawancinku ba ku sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin kwantiraginsa ya ƙare, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Da wannan da kuɗin horarwa ne santar kirki take rayuwa, shi ya sa ba ta bukatar 'yan kunnen Hajiya. Wadda ba ta da rajista ba ta da rabo a can, don haka a jikinku take ci.

In magana ta kai ga sa hannu, ku tuna wanda bai kai 18 ba ba a ɗaure shi da kwantiragin ƙwararru fiye da shekara 3, babba kuma iyakarsa 5. A duba wa zai biya asibiti in ƙafa ta karye, wa zai biya makaranta, wa zai sayi tikitin komowa in tes bai yiwu ba, kuma tikitin ya kasance na zuwa da dawowa, a ga kwanan watan dawowar da ido. Fasfo a hannunka yake kwana, manaja hotonsa kawai yake bukata. In Alhaji bai iya Faransanci ba, ku nemo mai karanta muku wanda ba manajan ne ya zo da shi ba, ya bi takardar layi-layi yana fassarawa da Hausa, ko da za a kwana uku ana yi. In an sa hannu, kwafi ɗaya mai ɗauke da sa hannun kowa ya zauna a gidanku.